Ranar Da Aka Rufe Wa Tasha Baki

"Kunama, bar bakin gadar nan. Mutum biyu na tafe ta hagunki."

Kunama ta ja da baya ta laɓe a bayan wata ƙonanniyar mota. Sai ga su kuwa sun ɓullo a fuskar wayarta, suna sanɗa. Ta kayar da na gaba, Tela ya ƙarasa na bayan daga saman rufi.

"Ɗinki ya yi kyau!" in ji Tela a kunnenta. "A zo a karɓa gobe."

"Kunama, ba ki maimaita ba," in ji Tasha.

"Ai na ji, na kuma yi."

"Ji daban, maimaitawa daban. Ni ta ina zan san kin ji?"

"Don Allah ku bar wannan," Guduma ya katse su. "Tasha, wai mene ne ke gurnani a ɗakinka? Kunnena har ya fara ciwo."

"Firji ne. Tsoho ne kamar mai shi."

"To ka rabu da shi mana, ko ka koma wani ɗakin."

"In na rabu da shi wa zai riƙa taya ni hira? Guduma, dubi bayanka, an zagayo ka."

Guduma bai duba da wuri ba. Aka kwantar da shi, ya lailayo ashar, Tela ya fashe da dariya, zagayen ya ƙare.

Gem ne, wato wasan yaƙi na waya, da ake shiga hurhuɗu, kowa da wayarsa, kowa a inda yake. Abin da ya haɗa su shi ne zauren murya, inda suke jin juna ta iyafis ɗin da ke kunnuwansu kullum da yamma bayan an tashi daga aiki. Ba a nuna fuska, ba a tambayar suna. Guduma ne ya buɗe zauren, don haka makulli na hannunsa: shi ke shigar da mutum, shi ke kora, shi ke iya rufe wa mutum baki. Tela kuwa tela ne na gaske, wani lokaci har almakashinsa ake ji. Shi Tasha harbinsa ba abin a zo a gani ba ne, amma in ya hau hasumiya ya ƙura wa taswira ido, kafin abokan gaba su motsa ya riga ya faɗi inda za su ɓullo. Muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, ko da ruwan harsashi ake yi.

Abin da Guduma da Tela ba su sani ba shi ne bango ɗaya ne ya raba gadon Kunama da na Tasha, a hawa na uku na wani tsohon bene. Ita kanta sai da ta daɗe a zauren kafin ta gane. Wata rana iyafis ɗinta guda ya zame, sai ta ji "ku koma gada" ta cikin bango, kafin ta ƙifta ido ta sake jin sa a ɗaya kunnen. Ta tashi ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar dattijon da take gaisarwa a matakala tun tana 'yar makaranta.

"Kawu, wai kai ne Tasha?"

Ya leƙo ta ta saman gilashi. "Ke ce Kunamar nan mai baƙar magana? Wallahi na ɗauka wata gabjejiya ce."

A lokacin yana iya sauka ƙasa ya sayo burodi da kansa. Yanzu ko ƙofar ɗakinsa ba ya kaiwa. Abin da ke gurnani a ɗakin kuma ba firji ba ne.

Da aka tashi daga wasan yau ta cire iyafis ta zagaya ɗakinsa. Gwaggo ce ta buɗe mata, ƙanwar Kawu da ta baro gidanta ta tare a nan don jinyarsa.

"Shigo, 'yar nan. An gama yaƙin? Ga janar ɗin naku can, sai haki yake kamar shi ya yi gudun."

Ɗakin sai warin magani da man zafi. Injin iska na gindin gado yana gurnani, siririyar robarsa ta hau kan bargo ta maƙale a hancin Kawu. Wayarsa na jingine da filo. A saman durowa ga wani tsohon hotonsa cikin rigar aiki, zaune gaban wani ƙaton allo mai ƙananan fitilu. A ɗakin kula da zirga-zirgar jiragen ƙasa ya ƙare ƙuruciyarsa, yana ba direbobi hanya ta rediyo. Can ya samo sunan Tasha, can kuma ya samo fitinar maimaitawa.

"A wurinmu," ya kan ce, "in ka ce wa direba tsaya a layi na biyu, sai ya ce na tsaya a layi na biyu. In bai faɗa ba, to ba ka yi magana ba. Rayuka ne fa a bayansa."

Kunama ta ja kujera ta zauna.

"Kawu, Guduma ya fara matsawa kan ƙarar nan. Ka bari in gaya musu. Wallahi in suka sani ba wanda zai ƙara tanka maka."

"Ai shi ya sa na hana ki." Ya tsaya ya tara numfashi. "Duba nan. Likita yana min magana kamar jariri. Ƙanwata tana auna min ruwa da cokali."

"Ina jin ka dai," in ji Gwaggo daga kicin.

"Masu zuwa dubiya sai sannu, sannu, idonsu na kan ƙofa. Wuri ɗaya ya rage min a duniya da ake zagina in na yi kuskure. Shi kike so ki ƙwace?"

"To, ba zan faɗa ba."

"Maimaita."

Ta harare shi. "Ba zan gaya musu kana jinya ba."

"Ko bayan raina."

"Haba Kawu!"

"Ina sauraro."

Ta kau da kai ta dubi injin. "Ko bayan ranka."

Ba don ladabi ta yarda ba, don Kunama ba ta gaji ladabin dole ba. Kafin wannan zauren ta shiga zauruka da yawa, kuma duk inda ta buɗe baki abu ɗaya take ji: "Kai, mace! Malama, je ki ɗora tukunya." Wasu su tambayi lambarta, wasu su yi ta kukan kyanwa har a gama wasa. An ba ta shawara ta riƙa rufe makirfo tana wasa shiru kamar yadda wasu mata ke yi. Ta ce ba za ta rufe ba, bakinta ne. Ranar da ta fara shiga zauren Guduma shi ma ya fara irin tasa, sai muryar Tasha ta ce a hankali, "Duk wanda yarinyar nan ta fi shi harbi ya yi mana shiru." Aka duba maki. Zauren ya yi tsit. Daga ranar ba wanda ya sake aiken ta kicin.

Umma dai ba ta taɓa gane wa abin ba.

"Ke da digirinki, ki zauna kina ihu da ƙatti a waya? Me mutane za su ce?"

"Umma, a masana'anta ma da ƙatti nake ihu, kuma don shi aka ɗauke ni."

"Bakin nan naki dai. Ungo, miƙa wa Gwaggo ruwan zafin nan."

Injiniyar lantarki ce a wata masana'antar lemon kwalba, ita kaɗai mace a sashenta. Tana cikin ɗakin mita wata rana da tsakar rana, ta buɗe wani akwatin wayoyi tana neman inda ya ƙone, kwalabe na ta ƙara a kan bel ɗin da ke jan su a waje, sai kiran Guduma ya shigo ta cikin gem, ita kaɗai. Ta maƙale wayar a kafaɗa.

"Kunama, magana ce tsakaninmu. Gasar gem ɗin nan da za mu shiga ta matso, kuma tsohon nan ya gaji. Da a tsakiyar wasa ake kwantar da shi, yanzu tun ba a je ko'ina ba. Mu uku muke yaƙi da mutum huɗu. Ga tari, ga ƙarar nan."

"Idonsa fa? Wa ke gaya maka an zagayo ka?"

"Ido ba ya harbi. Akwai wani gwani da na samu, Walƙiya, hannunsa kamar inji."

"In ka fitar da Tasha ka fitar da ni."

"Wai ke mene ne tsakaninku? Ko tsoho ya yi miki alkawarin firjin ne in kin tashi aure?"

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Magana ɗaya tak za ta faɗa, Guduma ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Kuma Kunama mutum ce da ba ta saba barin bashin magana ya kwana ba. Ta danne sukudireban da ke hannunta har ya yi mata shaida a tafi.

"Alkawarin da ya yi min shi ne zai koya maka duba bayanka. Har yanzu dai bai cika ba."

"Za mu gani," in ji Guduma, ya kashe.

Bai fitar da shi ba, don ya san ba shi da maharbi kamarta. Amma daga ranar zauren ya canza. In Tasha ya yi tari sai Guduma ya ja tsaki. In ya yi jinkirin faɗar hanya sai a ce, "Tashar ta rufe ne yau?" Shi kuwa sai ya rama, ya ce jirgin Guduma ne ba shi da birki, kuma Kunama in ta zagaya bayan wasa sai ta tarar da shi ya yi sharkaf da gumi, leɓɓansa sun yi duhu, yana murmushi.

"Kin ji yadda ya zage ni yau? Yaron nan akwai baki."

"Yaro? Magidanci ne fa, ina jin kukan 'yarsa."

"Duk wanda bai kai ni haƙuri ba yaro ne."

Kafin gasar ta zo Kawu ya daina zama sai an tokare shi da filo. Yatsunsa suka kumbura, wayar ta yi masa nauyi, Gwaggo ta ɗaure masa ita a jikin kujera da igiyar labule. Gilashinsa ma ya daina sawa, don ba ya zama daidai a kan robar hanci. Taswirar yana ganinta, launi ne da ɗigo-ɗigo masu motsi, amma rubutu ya fi ƙarfinsa.

Ranar da za a fara gasar, Kunama ta dawo aiki ta tarar da Gwaggo zaune a kan matakala da leda a cinya, ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

"Nas ta zo ɗazu," in ji Gwaggo. "Ta ƙara wa injin ƙarfi. Ta ce in akwai 'yan uwa na nesa a kira su."

"Ya ci wani abu?"

"Ko ruwa sai da faɗa. Amma tun safe ya sa ni na cika masa waya da caji. Wai yau akwai aiki." Ta goge ido da bakin mayafi. "'Yar nan, ku yi masa a hankali."

Kunama ta shiga ɗakinta ko takalmin aiki ba ta cire ba. Ta hau gado ta sa iyafis.

"Kowa na nan?" in ji Guduma. "Tela?"

"Zare na cikin allura."

"Kunama?"

"Ina nan."

"Tasha?"

Gurnanin ne ya fara amsawa, ya fi na kullum ƙarfi, a bayansa kuma wani numfashi mai kama da ana jan buhu a kan siminti.

"Tasha na nan. Ku sauka... ta gabas."

Suka sauka ta gabas. Ba a jima ba aka kwantar da Tasha a gindin hasumiya, ko hawa bai kai ga yi ba. A gem ɗin wanda aka kwantar yana iya ci gaba da kallon taswira yana magana, don haka ya ci gaba. Sai dai a irin wannan wasa kunne ma makami ne, da shi ake jin sawun mai sanɗowa.

"Ba na jin sawun kowa!" Guduma ya daka tsawa. "Tasha, ka kashe abin nan mana!"

"Ba ya... kashuwa."

Can sai Kunama ta ji kunnenta ya yi wasai. Gurnanin ya ɗauke, numfashin ya ɗauke. Ta dubi gefen fuskar wayar, sai ga jar alama kusa da sunan Tasha, ga kuma rubutun Guduma a ƙasa: na rufe shi, zagayen nan kawai, kada wanda ya faɗa. Tela ya rubuta: haba. Daga nan bai ƙara ba, don an fara harbinsa.

Wanda aka rufe wa baki yana jin kowa, shi ne dai ba a ji. Kunama ta san Kawu ba zai iya karanta rubutun ba. Yana can yana ba da hanya, yana kashe numfashin da ya rage masa, ba mai karɓa. In ta ce wa Guduma buɗe shi, Kawu zai ji, ya san an rufe shi a zaurensa na ƙarshe. In ta faɗi dalili ta karya alkawari. In ta zagaya ɗakinsa da waya, nata makirfon zai kwashi ƙarar injin, asiri ya tonu.

Ta fizge iyafis ɗin dama, ta matsa ta manna kunnen da bango.

Da farko injin kawai take ji, da sanyin fenti a kumatunta. Sai wata murya can ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Ta kama kalma ɗaya, ta rasa biyu. Ta ji gado ya yi ƙara, ta ji kamar ana jan wani abu, sannan muryar ta fito fili fiye da da.

"Guduma... ƙofar ƙasa... mutum ɗaya."

"Guduma, ƙofar ƙasa, mutum ɗaya," in ji Kunama.

Guduma ya juya ya harba. "Na samu! Ya aka yi kika gan shi?"

"Tela... sauko... za su jefa wuta."

"Tela, sauko, za su jefa wuta."

Tela ya diro, rufin ya kama da wuta a bayansa. "Na sauko, na sauko," in ji shi yana dariya. "Yau Kunama ta zama Tasha!"

Ta cikin bango ta ji wata 'yar dariya, tari ya biyo ta, ya daɗe bai tsaya ba. Ita kuwa ta ƙi barin zauren ya yi shiru ko kaɗan, don kada bakin wani ya suɓuce. Wuyanta ya ƙage, yatsunta na aiki a karkace, gumi na shiga mata ido. Duk abin da bango ya ba ta sai ta miƙa, kalma da kalma, ba ragi ba ƙari.

"Ku haɗu a gada."

"Mu haɗu a gada," in ji Tela, da gangan, yana kwaikwayon tsohon.

"Guduma, ban ji ka ba," in ji Kunama.

"Ke ma kin fara? To, gada, na ji, gada!"

Ƙungiyoyi suka yi ta faɗuwa har saura su da wata guda. Suna kwance a bakin gada su uku, kowa ya riƙe numfashi.

"Kunama... na ƙarshen yana... yana ta..."

Ta jira. Ta ƙara danna kunnenta har ya yi zafi.

"Yana ina?" in ji Guduma. "Kunama, yi magana! Ta ina?"

Injin kawai ke gurnani. Sai muryar Gwaggo ta tsaga bangon: "Yaya! Yaya!"

Kunama ta jefar da wayar a kan gado ta fita da gudu.

Ta tarar da Gwaggo ta rungumo shi tana ƙoƙarin ɗaga shi, robar ta fita daga hancinsa. Kunama ta mayar da ita, ta tallafo bayansa, suka zaunar da shi. Jikinsa ba nauyi, kamar kayan wanki a cikin riga. Umma ta shigo da salati, ta tsaya a bakin ƙofa tana kiran nas a waya. Sun daɗe a haka kafin ƙirjinsa ya sassauta, ya buɗe ido ya nemi fuskar Kunama.

"Mun ci?"

"An cinye mu, Kawu. Na taso."

"Sakarya. Ana barin... wurin aiki?" Ya lumshe ido. "Ta dama yake. Bayan tankin ruwa."

"Ta dama, bayan tankin ruwa."

Ya yi murmushi. "Yau duk kun maimaita. Har Guduma."

"Har Guduma."

"To madalla. Je ki cire... takalman nan. Kin ɓata wa ƙanwata ɗaki."

Washegari da hantsi tana gaban injin cika kwalba Umma ta kira ta. Ba ta ce komai ba sai, "Ki taho gida." Kunama ta rufe akwatin kayan aikinta, ta gaya wa shugaban sashe za ta tafi, ba ta tsaya jin amsarsa ba. Tun daga hawa na biyu ta gane, don babu gurnanin da ta saba ji a matakala. A ƙofar Kawu takalma ne birjik, na maza da na mata, wasu kan wasu.

Kwanaki ba ta shiga zauren ba. Saƙonnin Guduma suka yi ta taruwa, ta ƙi buɗewa. Sai da baƙi suka watse, masu injin suka zo suka ɗauke abinsu, sannan ta shiga taya Gwaggo tattara ɗakin. Suna ninke zannuwa, Gwaggo ta riƙe gefe ɗaya ita ɗaya, sai Gwaggo ta ce:

"Wai ranar nan me ya faru a wasan naku? Ni dai na ga abin mamaki."

"Kamar me?"

"Yana cikin magana sai ya yi shiru, ya ce in sa masa gilashi. Na riƙe masa a ido ya ƙura wa wayar, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce cire, juya ni in fuskanci bango. Na ce Yaya, nas ta hana ka kwanciya ta wannan gefen. Ya ce juya ni dai, ki matso min da kujerar. Haka ya kafa bakinsa a bango yana ɗaga murya, jijiyoyin wuya duk sun tashi. Na ce ka yi a hankali mana, ba ga waya nan ba? Ya ce min wayar ta huta yau."

Kunama ta tsaya da zanin a hannu.

"'Yar nan, lafiya? Kawo gefenki."

Ta miƙa mata. Ta ce tana zuwa.

A ɗakinta ta zauna a bakin gado ta sa iyafis duka biyu. Su biyun suna zauren, sunan Tasha na ƙasa ya dushe.

"A'a, Kunama!" in ji Guduma. "Sai yau? Kin zubar mana da gasa kin ɓace. Ke da tsohon naki yaji kuka yi?"

"Tasha ya rasu."

Almakashin Tela ya tsaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Tela. "Yaushe?"

"Washegarin gasa."

"Ke ya aka yi kika sani?" Muryar Guduma ta sauko.

"Maƙwabcina ne. Bango ɗaya ya raba mu."

Tela ne ya fara haɗa lissafin. "Ke nan ranar nan, hanyoyin da kika riƙa ba mu..."

"Nasa ne. Ko ɗaya ba nawa."

"Kunama," in ji Guduma. Ya yi gyaran murya, ya sake. "Kunama, ya san na... Don Allah ki gaya min. Ya sani?"

Ga shi nan a gabanta kamar a gem, ba garkuwa, ya juya mata baya. Duk abin da za ta faɗa gaskiya ne: injin, robar hanci, gilashin, jijiyoyin wuya. Ta san yadda za ta jera su ɗaya bayan ɗaya har Guduma ya kasa sake sa iyafis a rayuwarsa, kuma ranta na so. Amma mai abin ya gani da idonsa, ya ce a cire gilashin, bai ce wa kowa uffan ba. Ya tafi a matsayin Tasha mai tsohon firji, wanda ake zagi yana ramawa.

"Abin da ya ce min," in ji ta, "shi ne, yau duk kun maimaita, har Guduma. Yana murmushi ya faɗa."

Ta ji wani sauti daga ɓangaren Guduma, kamar ya toshe baki da hannu.

"Ciwo ya yi? Ƙarar nan da nake ta..."

"Lokaci ne ya yi. Ka yi masa addu'a."

"Ki dai gaya min ko..."

"Guduma, na gama magana."

"Allah ya jiƙansa," in ji Tela a hankali. "Allah ya sa ya huta."

"Amin," in ji ta, ta fita daga zauren.

Ta zauna kallon tafin hannunta har sai da Gwaggo ta leƙo.

"'Yar nan, zo ki kama min katifar nan mu fitar baranda ta sha iska. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Suka kama ta gefe da gefe, suka karkata ta a bakin ƙofa, suka shimfiɗa ta a kan kujeru biyu a rana. A ƙasa motoci na wucewa, wata mata na kwashe shanya a benen da ke kallonsu. A tsakiyar katifar akwai wani ɗan rami mai tsawo inda jikinsa ya daɗe yana kwanciya. Gwaggo ta bubbuga shi da tafin hannu, ta koma ciki. Kunama ta jingina da ƙarfen baranda tana kallon soson yana tasowa a hankali, bai dai gama cikewa ba.